Dogon Gilashi a Bakin Rima

Duk wanda hoton tsuntsu ya burge, tambayar da ke fara fitowa daga bakinsa ita ce: da wace kyamara aka ɗauka? Ta biyu kuma: nawa take? Mun sha waɗannan tambayoyi tun da muka fara fita fadama mu biyar da asubahin ranakun Asabar. Mai tambaya gajerar amsa yake so, sunan kamfani da lamba, ya rubuta ya kama gabansa. Tamu amsar kuwa doguwa ce, domin a Sakkwato ba mai kuɗin kaɗai ke zaɓen kyamara ba. Ƙura na da ta cewa, zafi na da ta cewa, wutar lantarki ma haka, sannan ga idon jama'a. Wanda ya sayi kaya bai shawarci waɗannan huɗun ba, ba a daɗewa kayan ke komawa ƙarƙashin gado.

Shawarwarin da suka cika YouTube yawancinsu daga ƙasashen sanyi suke. Damuwarsu ruwan sama da ƙanƙara, mai gyara yana kusa, kuma babu wanda zai tare mutum a hanya ya tambaye shi abin da ke cikin jakarsa. Ba ƙarya suke yi ba, don ƙasarsu suke magana. Mu ma bari mu yi don tamu.

Farkon abin dubawa shi ne me za a ɗauka. Babu zaki a bayan gari, babu giwa. Mai son giwa sai ya yi doguwar tafiya zuwa Yankari a jihar Bauci. Dukiyarmu tsuntsaye ce, kuma tana nan a fadamar da kogin Rima da kogin Sakkwato suka shimfiɗa: Kwalkwalawa a kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tafkin Kware a arewa da gari, da gonakin shinkafa da albasa da ke tsakani. Akwai balbela a bayan shanu, zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, kirinjijiya da ke tashi garke guda da fito, dinya, zakaran ƙeƙuwa mai tona asirin duk wanda ya matso, cilakowa a kan bagaruwa, shirwa a sama. Daga wajen Oktoba zuwa Maris baƙi kan sauka, ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu waɗanda suka tsallako Sahara daga Turai suna gudun sanyi. Gab da damina kuma shamuwa ta iso. Dukkansu ƙanana ne idan aka kwatanta da giwa, ga tsoro, ga sauri. Saboda haka maganar kayan ɗaukar namun daji a wurinmu maganar nisa ce: yaya za a cike tazarar da ke tsakanin mutum da abin da ba ya son a matso shi?

Hanya biyu ce: ko gilashi ya je maka, ko ka je da kanka. Ta farkon ce ke cin kuɗi.

Tsawon gilashin gaban kyamara da milimita ake auna shi. Wanda masu hoton biki ke amfani da shi bai cika wuce milimita 50 zuwa 85 ba, kuma da shi zalɓe ɗigo zai fito a tsakiyar hoto. Tsuntsu yana fara cika ido ne daga milimita 300, ya fi kyau a 400 zuwa 600. A nan akwai rangwamen da talaka ya kamata ya sani. Kyamarori masu matsakaicin sansa, wato allon da ke karɓar haske a ciki, suna ƙara wa gilashi tsawo: na Nikon sau ɗaya da rabi, na Canon sau 1.6. Gilashi mai 300 a kan Nikon D7200 yana gani kamar mai 450, mai 400 a kan Canon 7D Mark II kuma kamar mai 640. Ga shi sun fi manyan arha. Abin da mai hoton ɗakin amarya ke gani naƙasu, ga mai bin tsuntsu riba ne.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, kuma duk wani abu mai gilashi ya bi ta. Sabuwar kyamara da dogon gilashinta sun fi kuɗin babur, sun fi sadakin da yawancin samari ke biya. Ɗayanmu malamin makaranta ne, ɗaya mai gyaran waya, sauran ɗalibai da ƙaramin ma'aikaci. Adashi muka yi, kuma tun kafin kwasar farko muka yanke shawara biyu: na hannu za mu saya, sannan kaso mafi tsoka gilashi zai ci. Kyamara tana tsufa kamar waya, duk bayan 'yan shekaru an fito da wata. Gilashi mai kyau yana iya kai mutum shekara ashirin. Canon ta fito da gilashinta mai 400mm f/5.6 tun 1993, kuma har yau masu bin tsuntsaye na neman sa.

Sayen na hannu yana da ladubbansa, ko daga Kano za a kawo ko daga Legas. A duba adadin ƙiftawar da kyamarar ta yi, domin kamfanoni na ƙiyasta wa irin waɗannan tsakanin 100,000 da 200,000, kuma wadda ta yi shekaru tana zagayen bukukuwa ta riga ta cinye rabin ranta. A haska fitilar waya ta cikin gilashi. Idan aka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, cutar kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku, kuma tana cin fuskar gilashin. A ɗauki hoton farin bango da ƙofar haske a tsuke, duk dattin da ke kan sansa zai fito fili. Mai sayarwar da ya ƙi a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Sai ƙura. Ikon Allah, lokacin da baƙin tsuntsaye suka fi yawa shi ne lokacin da hunturu ya fi tsanani. Ƙurar Disamba da Janairu laushi gare ta kamar garin alkama, tana shiga inda ruwa ma ba ya shiga. Duk sanda aka cire gilashi a fili don a sauya wani, an buɗe mata ƙofa. Gilashin zum mai miƙewa da komawa kuwa numfashi yake yi, yana zuƙar iska da abin da ke cikinta. Don haka dokarmu ita ce gilashi ɗaya a fita ɗaya. A ɗaura shi a ɗaki, a cire shi a ɗaki. Kuma ba a goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar yashi ce, kankare shi za ta yi. A fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan a bi da tsumma mai laushi. Wannan 'yar roba ba ta kai kuɗin katin waya na wata ba, amma ta fi rabin abin da ke cikin jaka amfani.

Ƙurar nan ce ta raba mu gida biyu, kuma har gobe ba mu daidaita ba. Mai gyaran waya ya tsaya kan kyamarar da gilashinta ba ya cirewa, irin Nikon P900 da ta fito a 2015, mai zum sau 83, wadda ke kaiwa kamar milimita 2,000. Hujjarsa: ba ta da nauyi, ba a buɗe cikinta, kuɗinta bai kai na gilashi ɗaya ba, kuma tana kawo tsuntsun da ke tsallaken kogi har a ƙirga gashin fiffikensa. Malamin makaranta ya ce sansarta ƙarama ce kamar ta waya. Da asuba kafin haske ya yi ƙarfi hotonta dishi-dishi ne, tsuntsu mai tashi kuma kafin ta kama shi ya bar wurin. Shi yana son wadda za ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 2,000 na daƙiƙa ta tsayar da kirinjijiya cak a iska. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Wanda burinsa ya san wane tsuntsu ne ya kuma ajiye shaida, ta farkon ta ishe shi. Wanda ke son hoton da za a rataya a bango, sai ta biyun, da nauyinta da tsadarta. Gilashin Sigma ko Tamron mai 150 zuwa 600 ya kai kilo biyu, kuma kilo biyu a wuya, bisa kabu-kabu, a hanyar fadama, ba kilo biyun kanti ba ne.

Zafi shi ne alƙalin da ya fi kowa tsauri. Littafin da ke zuwa da yawancin kyamarori ya ce a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu wuce 40 abin yau da kullum ne, a inuwa ma, balle baƙin ƙarfe a tsakar rana. Muna lulluɓe kaya da farin ƙyalle, ba ma barin su a but ɗin mota, ba ma sayen batir na jabu domin kumbura yake yi. Amma babbar ɓarnar zafi a iska take. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke kanta sai ta fara rawa, irin kawalwalniyar da ake gani a kan kwalta. Ido bai cika damuwa da ita ba, dogon gilashi kuwa ninka ta yake yi. Tsuntsun da ke nisan taku ɗari biyu da ƙarfe goma sha ɗaya na safe zai fito kamar an zana shi a kan ruwa, ko da kyamarar miliyan nawa aka ɗauke shi. Hazon hunturu ma haka: iya nisan abu, iya kaurin ƙurar da ke tsakani, iya koɗewar launi. Shi ya sa aikinmu daga sallar asuba ne zuwa wajen tara, sai kuma bayan la'asar. Kuma shi ya sa muka gane cewa dogon gilashi aike ne, zuwa da kai kuwa ya fi aike.

Wannan ilimi ba a kanti yake ba, yana wurin mutanen da suka riga mu sanin dajin. Maharban ƙasar Hausa tun kaka da kakanni suna da dabarar kan burtu: maharbi ya ɗaura siffar kai da wuyan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafe yana kaɗa kai kamar mai kiwo, har ya shiga tsakiyar namun da ba sa tsoron burtu. Kibiyarsa ba ta nisa, sai ya rage nisan da basira. Wani tsohon masunci da ke ɗaukar mu a kwalekwale ya taɓa kallon yadda muke miƙewa tsaye muna nuna tsuntsu da yatsa, ya girgiza kai.

“Ku ɗiyan birni kun cika gaugawa,” in ji shi. “Ku zamna ƙasa. Tsuntsu ba mutum shika tsoro ba, ido shika tsoro.”

“To Baba, in ba mu dube shi ba, yaya za mu ɗauke shi?”

“Ku dubi ruwa, ni in tuƙa. In mun kai, ni ka hwaɗa muku.”

Ya bar jirgin ya bi ruwa a karkace, ba ya nufar zalɓen kai tsaye, har muka zo inda gilashi mai 300 ya cika hoto da shi. Tsuntsayen fadama sun saba da kwalekwale, sun saba da mai noma a duƙe, sun saba da makiyayi da sandarsa a kafaɗa. Wanda ba su saba da shi ba shi ne mai farar shadda da ke tahowa a miƙe yana zare ido. Don haka cikin kayan aiki muke lissafa tsohuwar riga mai launin ƙasa, da malfa, da tabarmar zama. Mariƙin kyamara mai ƙafa uku yana da amfani a tudu, amma a laka nutsewa yake, a jirgi kuma ba shi da wurin tsayawa. Safa da aka cika da gero aka ɗaure bakinta ta fi shi: a ɗora a gefen jirgi ko a kan gwiwa, gilashi ya kwanta a kai. Tsohon bokitin fenti mai murfi shi ne akwatinmu, yana tsare ruwa, yana tsare ƙura, ga shi kujera.

Akwai kuma abin da muke cewa kowa ya fara saye kafin kyamara: madubin hangen nesa, mai lamba 8x42. Ba ya cin batir, ba ya jin zafi, kuma shi ke koya wa mutum inda tsuntsu ke sauka, da lokacin, da abin da ke tayar da shi. Wanda ya yi wata uku da shi zai san irin kyamarar da yake buƙata ba sai ya tambaye mu ba. Idan aka daidaita idon waya a bakin madubin ma ana samun hoton da ya isa shaida.

Maganar batir gajera ce. Tsofaffin kyamarori masu madubi a ciki, waɗanda ake kira DSLR, da idonka kake leƙawa ta gilashi, don haka caji ɗaya na iya ba da hoto dubu. Sababbin marasa madubi sun fi su kaifin kama tsuntsu a sama, amma allo suke kunnawa koyaushe, batirinsu bai cika kai rabin haka ba. A garin da ba a san lokacin zuwan wuta ba balle na tafiyarta, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Kowace aka zaɓa, a haɗa da batir biyu na ƙwarai da cajar da ke karɓar wuta daga fawa banki ko sola.

Saura alƙali na huɗu, wanda babu littafin kyamarar da ya ambace shi. Dogon baƙin gilashi a kafaɗar baƙo, daga nesa, kama yake da makami. A wani ƙauye wata dattijuwa ta taɓa tsayawa da tulunta a ka ta tambaye mu, “Wagga aba bindiga ta?” Ba wasa take yi ba. Shekarun nan gabashin jihar, Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, sun ga abin da ya sa duk baƙon da ke leƙe-leƙe ake masa kallon ɗan leƙen asirin 'yan bindiga. Madatsar ruwan Goronyo wuri ne na tsuntsaye, amma mun cire ta daga lissafi sai ranar da Allah ya kawo sauƙi. A ƙetaren iyaka ma haka ne. Kure, kusa da Yamai, ita ce mafakar raƙuman dawan Afirka ta Yamma, waɗanda ba su kai 50 ba a 1996, aka yi ta kiwon su har suka haura 600. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a can, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, waɗanda kallon dabbobin ya kai su. Babu hoton da ya kai ran mutum.

Wannan ya sa girman kaya ya zama abin lissafi. Ƙaramar kyamara tana shiga jakar makaranta, ba ta tara jama'a. Rigar sojan gona mai ɗigo-ɗigo da masu hoton daji na Turai ke sawa, a nan neman fitina ce. Jirgi marar matuƙi tun 2016 sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ko da izinin, ƙauyen da ya ji ƙugi a sama ba zai tsaya karanta takarda ba. Ba ma nufar shingen jami'an tsaro da gilashi, ba ma ɗaukar mata a bakin ruwa. Duk inda muka je sabo, ƙofar mai gari muke fara tsayawa: “Ranka shi daɗe, tsuntsaye muka zo kallo.” Mu nuna masa hotunan a allo, ya haɗa mu da yaro ko sarkin ruwa. Idan mun dawo, mu zo da hoto biyu ko uku da aka wanke a takarda. Akwai zauren da hoton zalɓenmu ke manne a bango, kuma a garin babu mai sake tambayar abin da ke jakarmu.

Mai karatu na iya cewa, duk wannan wahala a kan tsuntsu? To, mu da muka tashi a garin nan mun san lokacin da ungulu ke jere a kan katangar mahauta har yara na jifar su. Yau yaro ɗan shekara goma zai iya rantsuwa bai taɓa ganin ta ba sai a karin magana. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu suna cikin dalilan. Gauraka, mai tuntu kamar na sarauta, an fi ganin sa yanzu a tsakar gidajen masu hali da yankakken fiffike fiye da a fadama. Burtun da maharba ke kwaikwayo shi kansa ya yi wuyar gani. Duk sun tafi a gaban idonmu, kuma da wuya ka samu gidan da ke da hoton ungulayen mahauta ko guda. Babu wanda ya ga dalilin ɗaukar abin da ke ko'ina.

Balbela da kirinjijiya suna ko'ina yau. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take tattara taswirar tsuntsayen Najeriya, an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye da kwance, kuma 'yan sa kai ne ke aika abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Hoto mai kwanan wata da sunan wuri, ko da dishi-dishi ne, shaida ce da za ta yi amfani bayan shekara talatin. Sai dai a kula: waya tana liƙa wa hoto ainihin inda aka ɗauke shi. Wanda Allah ya nuna wa sheƙar gauraka ko ta ungulu, kada ya sa wurin a Facebook, domin masu tarko ma suna da waya.

Ga mai tambaya, to, ga amsarmu a jere. Fara da wayar da ke hannunka da madubin hangen nesa. In abin ya kama ka, nemi mai zum ta hannu wadda gilashinta ba ya cirewa. In ya zama ciwo, ku haɗu ku yi adashi, ku sayi tsohuwar DSLR mai matsakaicin sansa da gilashin da bai gaza 300 ba, ku riƙa karɓa-karɓa. Ka ware kuɗin mai, da na mai jirgi, da na goron mai gari, domin kyamarar da ta cinye kuɗin fita ba za ta ga tsuntsu ba. Sannan ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta rana da wuri. Namu ya cika da ranakun da muka fara ganin shamuwa kowace shekara a kan bishiyoyin hanyar Kware, kuma shafin bana yana nan a buɗe. Allah ya kai mu damina lafiya.